Amsa ga 'yar'uwar da aka kori ƙaninta daga soja saboda ƙwaya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ku haƙuri ya kawo mafita. Na karanta saƙonki har sau biyu. Kin ce ƙaninki las kofur ne, shekara bakwai yana aikin soja, uku daga ciki a Borno ya yi su, ya ji rauni a gwiwa aka fara ba shi tiramadol a asibiti, daga baya ya ci gaba da saye da kansa, aka zo aka yi musu gwajin fitsari, kwamandansu ya yi masa oda, wato shari'ar gaggawa da kwamanda ke yankewa a teburinsa ba tare da kotun soja ba, ya kore shi, yau sati bakwai kenan yana gida a Gombe ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Kuma kin ce kin gani a intanet wai akwai hukumar da take canza wa soja takardar kora ta mayar da ita ta sallama, har shekara 15 mutum yana da dama, shi ne kike tambaya a ina ofishinsu yake.

Toh dan Allah ki fara cire maganar shekara 15 ɗin nan daga ranki tun yau, dan ita ce abin da ya fi tayar min da hankali a saƙonki. Abin da kika karanta gaskiya ne amma na Amurka ne. Su can kowane reshen soja yana da kwamitin sake duba sallama, mutum ya cike fom mai lamba DD 293 cikin shekara 15 da barin aiki, in ya wuce haka ko kuma babbar kotun soja ce ta kore shi sai ya tafi kwamitin gyaran rikod da fom DD 149. Kuma tun 2014, aka ƙara faɗaɗawa a 2017, ma'aikatar tsaronsu ta umarci kwamitocin su riƙa sassautawa idan an nuna cewa ciwon firgicin yaƙi, wanda likitoci ke ce wa PTSD, yana da hannu a laifin. Tsari ne mai kyau, ni kaina ina fatan mu samu irinsa. Amma mu nan ba mu da wani kwamiti na dindindin da yake zaune yana jiran irin wannan takarda, abin da muke da shi dokar sojoji ce, wadda take babi na A20 a kundin dokokin tarayya na 2004, kuma ita da wata ɗaya, da kwana 40, da wata uku take magana. Na yi shekaru a sashen shari'a na soja kafin na yi ritaya na buɗe ofishin lauya a nan Bauchi, kuma wallahi yawancin waɗanda na ga maganarsu ta mutu ba girman laifin ne ya kashe ta ba, lokaci ne ya wuce suna zaune suna jiran wani babba ya ɗaga waya.

Abu na farko da za ki tabbatar daga bakinsa shi ne ta wace hanya aka kore shi, dan hanyoyin ba ɗaya ba ne kuma maganin kowacce daban. In kotun soja ce ta zauna, da shugabanta da mambobi da mai gabatar da ƙara da wanda ya kare shi, to yana da wata uku ya rubuta wa wanda zai tabbatar da hukuncin kafin ya sa hannu, sashe na 149 kenan, in an tabbatar kuma an sanar sai Kotun Ɗaukaka Ƙara, a nemi izini cikin kwana 40, akwai reshenta a Jos akwai a nan Gombe wajenku. Amma yadda kika kwatanta ba kotu aka yi ba, oda aka yi masa. Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane saurin abin ba. Za a cire maka hula da bel, samanja ya shigo da kai da gudu-gudu yana ba da umarni, ka ƙame a gaban tebur, a karanta caji, a ce ka yi ko ba ka yi ba, kai kuma yaro da tun daga Defo na Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji, aka koya maka ba a musu da na gaba, me za ka ce? Kafin minti goma an gama, an fito da kai, shekara bakwai ta tafi. Irin wannan hukunci sashe na 147 ya ba da wata ɗaya a kai koke ga na sama da kwamandan. Ku sati bakwai, kin ga wannan ta wuce. Amma kar ki karaya, dan sashen da kansa ya ce ana iya sake duba hukuncin a kowane lokaci in wata hujja mai muhimmanci ta ɓullo wadda ba a da ita lokacin shari'ar, kuma ina kyautata zaton fayil ɗinsa na asibiti ba a buɗe shi a ranar ba. Sannan ga sashe na 179, wanda ya ba ƙaramin soja damar kai kuka in yana ganin an zalunce shi, farko ga kwamandansa, in bai samu biyan buƙata ba ya wuce ga hafsan da bai gaza birgediya ba, kuma kukan farko dole ya shiga cikin wata uku. Wannan ƙofar har yanzu a buɗe take gare ku, saura kaman sati shida. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, ki sa takardar nan ta shiga cikin satin nan, kar ma ki jira na gaba.

Yanzu ga inda nake so ki natsu sosai. Ki ce ya nemo takardar cajin, ko ya tuna lambar sashen da aka karanta masa. Laifin shan ƙwaya ko mallakarta a dokar sojoji sashe na 65 ne, kuma sashe na 124 ya jera wasu laifuka da kwamanda ba shi da ikon yanke su a teburinsa, dole sai kotun soja, 65 yana cikinsu. Ma'ana in takardar ta nuna da sashe na 65 aka caje shi kuma oda aka yi masa, to wanda ya yanke hukuncin ba shi da hurumi tun asali, kuma hukuncin da ba hurumi a idon shari'a kaman ba a yi shi ba ne. Sai dai kwamandojin da suka san aiki ba sa bi ta nan, sai su caji yaro da sashe na 57, wato saɓa wa tsayayyen umarni, ko 103, wato halin da ke zubar da ɗa'ar aiki, waɗannan kuwa suna da ikon yankewa. In haka ne sai a koma wasu tambayoyin. An ba shi takardar cajin kafin ranar ko a tsaye ya fara jinta? An bar shi ya yi magana, ya kira shaida? Wanda ya yi gwajin ya zo ya faɗi abin da ya gani a gabansa? Muƙamin wanda ya kore shi ya kai ya kori mai igiyarsa? Sashe na 36 na kundin tsarin mulki, haƙƙin a saurari mutum kafin a hukunta shi, bai tsaya a get ɗin bariki ba, yana shiga har ciki.

Amma ba zan ɓoye miki haɗarin ba, dan ba na son garin neman gira a rasa ido. In kun dage kan cewa kwamanda ba shi da hurumi kuka yi nasara aka soke hukuncin, ya koma soja ke nan a takarda, kuma ba abin da zai hana a ce toh madalla, a kai shi kotun sojan da kuke nema, sashe na 65 kuwa ɗaurinsa yana kaiwa har shekara 21. Ba wai za a ba shi 21 ba, amma ƙofar gidan yari ta buɗe, wadda yanzu a rufe take. Dan haka wannan makamin a hannun lauya ya kamata ya zauna, ya san lokacin nuna shi da lokacin ajiye shi. Kuma ki zaunar da ƙaninki ke da shi kawai, ki tambaye shi tsakaninsa da Allah, sha kawai yake yi ko har yana raba wa abokai suna ba shi kuɗi? An kama wani abu a jakarsa ko a ɗakinsa, kati nawa? In akwai maganar sayarwa to shawarata ta canza gaba ɗaya, a nemi sassauci a hankali kawai, a bar kaza cikin gashinta, dan mai sayarwa ana iya miƙa shi ga NDLEA ya tsinci kansa a Babbar Kotun Tarayya.

Maganar gwajin fitsarin kuma, mutane suna ɗaukar ɗan tsinken nan da ake tsomawa kaman wahayi, alhali likitoci da kansu gwajin share fage suke ɗaukarsa, tabbatarwa sai an kai samfurin babban lab an sa a na'ura. Yana kuskure. Maganin tarin fuka rifampicin yana iya sa ya nuna kaman an sha dangin kodin, maganin ƙanjamau efavirenz yana iya sa ya nuna wiwi. Tiramadol kuma yawanci tsinkensa daban ne da na dangin kodin, kuma kwana kaɗan yake yi a fitsari, ba kaman wiwi ba da kan kai wata guda a jikin wanda ya daɗe yana busawa. Na faɗi wannan ne dan wasu da za su karanta, wanda bai sha ba aka ce ya sha ya san inda zai tsaya. Amma ku naku ya sha, ya kuma amsa a gaban kwamanda kaman yadda kika ce, dan haka kar wani ya zuga ku ku rubuta cewa bai taɓa sha ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, hafsan da zai karanta takardarku fayil ɗin yana gabansa a buɗe, yana ganin layi ɗaya na ƙarya ya rufe ya ture gefe, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Ƙarfinku yana cikin gaskiyar labarin ne. Yaro ya tafi lafiyarsa ƙalau, ya ji rauni a bakin aiki, likita ne ya fara rubuta masa maganin, ciwo bai tafi ba, barci ya ƙaurace, aka mayar da shi daji. Tiramadol ɗin da aka amince da shi a asibiti mai miligiram 50 ne da 100, kuma ba a wuce 400 a yini, amma wanda yake yawo a kasuwa mai 200 ne da 225, mutum ya haɗiye biyu ya riga ya kai ko ya haura iyaka, jiki kuma ya saba ya fara nema da kansa. Wannan ba ya wanke shi, soja mai riƙe da bindiga yana cikin maye haɗari ne ga na kusa da shi kuma rundunar tana da gaskiya da take tsanantawa, ni ban taɓa jayayya da wannan ba. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya shigo aiki da halinsa da wanda aikin ne ya jefa shi, kuma bambancin nan takarda ce kawai take nuna shi, ba kuka ba. Ku nemo katin asibitin bariki, takardar da aka rubuta masa maganin da kwanan wata, hoton gwiwar in an ɗauka, siginal, wato takardar umarnin da ta tura shi Borno, da wadda ta dawo da shi, duk wata takardar yabo ko lambar girma ko shaidar kwas da ya yi. Sannan ku kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa a asibitin gwamnati, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya nan a Gombe, ga na ATBU a Bauchi, ga asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Barnawa a Kaduna, a duba shi da gaske a rubuta rahoto, ya fara karɓar magani, in an samu wata biyu uku a maimaita gwajin fitsari a ajiye sakamakon. Rahoton likita guda ɗaya mai hatimi ya fi wasiƙar manya goma.

Na san me ya sa nake nanata wannan. Akwai wani bawan Allah da ya taɓa shigowa ofishina da baƙar leda, ya zazzage min ita a tebur, katunan 'yan siyasa ne da wasiƙun masu sarauta da lambobin waya a bayan takardar siga, shekara biyu da rabi yana yawo tsakanin Bauchi da Abuja, ya sayar da babur ɗinsa da filin matarsa wajen kuɗin mota da na masu cewa sun san wani a hedikwata. A can ƙasan ledar na ga wata takarda ta naɗe ta yi laushi, na buɗe, rahoton asibiti ne na ɓaraguzan bam da suka shige masa kafaɗa, da sunan maganin da aka ɗora shi a kai. Na ce masa wannan ka taɓa nuna wa wani? Ya ce a'a, shi bai ɗauka tana da amfani ba. Koke ko ɗaya bai taɓa rubutawa ba. Na daɗe ina kallon takardar nan ban iya magana ba, dan da a watan farko ya kawo ta da labarin ya sha bamban. Mun rubuta duk da haka, amma abu na farko da aka amsa mana da shi shi ne lokaci ya wuce.

Sai abin da za ku roƙa a takardar, nan ma mutane suna kuskure. Kowa a mayar da shi aiki yake so, kuma ba laifi a sa shi a farko, ana yi, a watan Satumba na 2015 rundunar sojan ƙasa ta dawo da sojoji 3,032 da aka kora kan yaƙin arewa maso gabas bayan wani kwamiti ya sake duba shari'unsu. Amma waɗancan yawanci maganar guduwa daga fagen daga ce da ƙin bin umarni, maganar ƙwaya ta fi wuya, ba kwamandan da yake marmarin sake miƙa bindiga ga wanda gwaji ya kama. Dan haka ku jera buƙata hawa-hawa a takarda ɗaya: a soke hukuncin a mayar da shi, in hakan ba zai yiwu ba a sauya hukuncin zuwa mai sauƙi kaman rage igiya, in shi ma ba zai yiwu ba a mayar da korar ta zama sallama, ko a tura shi gaban kwamitin likitoci a sallame shi bisa rashin lafiya. Ni a ganina wannan na ƙarshen shi ne abin da ya fi kusa da hannu kuma shi ne ya fi masa amfani. Korarre yawanci haƙƙoƙinsa na barin aiki sun tafi, kuma duk fom ɗin aikin gwamnati ko na kamfanin tsaro da zai cike sai an tambaye shi ko an taɓa korarsa, amma wanda aka sallama yana da takardar da zai nuna ba tare da ya sunkuyar da kai ba, kuma in akwai abin da shekarunsa suka kai ya samu zai iya bin sa a hukumar fansho ta soja. Yaron nan bai wuce talatin ba ina jin, takardar nan za ta bi shi shekara talatin masu zuwa.

Rubutun kansa kar ya wuce shafi biyu, da sunansa da lambarsa ta aiki da igiyarsa da rundunarsa, shi zai sa hannu ba ke ba. Ranar da aka yi oda, sashen da aka caje shi, hukuncin, sai labarin raunin da kwanan wata, sai kurakuran da aka yi a shari'ar in akwai, sai nadama a fili ba kwana-kwana, sai buƙata. Ba zagi, ba cewa kwamanda ya tsane shi ko ƙabilanci aka yi masa sai in akwai hujja a hannu, kuma dan girman Allah kar ya hau Facebook ko TikTok da kaki yana bidiyo, wannan yana rufe ƙofar da ta rage. A yi kwafi uku, a kai ofishin kwamandan a sa akawu ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku kwafin, in sun ƙi karɓa ko an hana shi shiga get a aika ta kamfanin kai saƙo a riƙe rasit. Wannan hatimin shi ne ranku a kotu gobe. In wata ɗaya ya wuce shiru a rubuta ta gaba zuwa kwamandan birged, a haura zuwa babban kwamandan runduna, har Hafsan Sojojin Ƙasa da majalisar sojan da ministan tsaro ke shugabanta, kowacce da kwafin ta baya a maƙale.

Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma ga wanda aka kora ta oda Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake zuwa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin duk rigimar aiki. Sai dai dokar sojoji ta ce sai ka gama bin hanyoyin cikin gida kafin ka je wani waje, kuma alƙalai sun sha korar ƙara saboda wannan kaɗai ba tare da sun ko leƙa cikin maganar ba. A ɗaya gefen kuma lauyoyin soja suna tayar da dokar kare jami'an gwamnati mai cewa a shigar da ƙara cikin wata uku, hukunce-hukuncen kotuna kan ko ta shafi rigimar aiki ba su tsaya waje ɗaya ba, shi ya sa nake cewa ku sa lauya a ciki tun yanzu ya riƙa lissafa kwanakin nan biyu tare. In ba hali ku je ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta Legal Aid ko reshen ƙungiyar lauyoyi na Gombe ku tambayi masu yin aikin taimako. Hukumar karɓar koke-koken jama'a kam kar ku ɓata kuɗin mota, dokarta ta hana ta taɓa abin da aka yi a ƙarƙashin dokar sojoji. Kwamitin koke na majalisar tarayya yana saurare kuma wani lokaci yana sa a motsa fayil, amma shawara yake bayarwa, kuma zuwa wajensa ba ya tsayar da kwanakin da na lissafa miki.

Sai shi kansa yaron, wanda kika ce ba ya fita ɗaki, ba ya cin abinci sosai, wannan layin ya tsaya min a rai fiye da duk maganar sashe-sashen nan. Kar ku ƙwace ƙwayar rana ɗaya ku kulle shi ku ce ya yi ta maza, wanda jikinsa ya saba da tiramadol in ya yanke kwatsam yana shiga mawuyacin hali, zufa da rawar jiki da rashin barci da baƙin ciki mai tsanani, in kuma ya koma ya ɗirka da yawa yana iya faɗuwa yana jijjiga kaman mai farfaɗiya, likita ne yake rage masa a hankali. Kuma kar a kai shi gidan mari. In kin ji yana cewa gara ya mutu ko ya zame muku kaya, ko ya fara rabar da kayansa, a ranar za ku kai shi asibiti ba washegari ba, kuma kar a bar shi ya kwana shi kaɗai. Ki samu wani abokin aikinsa da suka yi Borno tare wanda yake jin maganarsa ya riƙa kiransa, akwai abin da ba zai taɓa faɗa miki ba amma zai faɗa masa.

In kin samo takardar cajin ki dawo ki faɗa min lambar sashen kawai da ranar da aka yi odar da muƙamin wanda ya yanke, kar ki sa sunansa ko lambarsa ta aiki a fili, daga nan zan gaya miki wace buƙata ya kamata ku sa a gaba. Allah ya ba shi lafiya.